'Yata tana aji tara a Ohio, an ba ta takardar ɗaukar kwasa-kwasan kwaleji: mu sa hannu?

Maman Khadija:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Muna zaune a Columbus, jihar Ohio. 'Yata tana aji tara (shekarar farko ta babbar sakandare a nan) a makarantar gwamnati, ta kawo mana takarda a kan wani shiri mai suna College Credit Plus, wai za ta iya fara ɗaukar kwasa-kwasan kwaleji tun tana sakandare ba tare da mun biya ko sisi ba. An ce a mayar da takardar kafin 1 ga Afrilu. GPA ɗinta, wato matsakaicin makinta, 3.6 ne, kuma burinta likitanci, in hakan bai yiwu ba aikin jinya. Ƙawayenta suna ta zuga ta cewa akwai masu gama sakandare da ƙaramin digiri na shekara biyu a hannu, ita ma yanzu abin da take so ke nan.

Don Allah masu sani ku warware mini. Da gaske kyauta ne, ko akwai abin da za a biya daga baya? Kwas nawa ya kamata ta fara da shi? In ta gama, jami'ar da za ta shiga za ta karɓi abin da ta yi? In ta faɗi fa? Sannan mene ne bambancinsa da AP, da kuma makarantun nan da ake kira early college? Na gode.

Malam Habu:

Wa alaikumus salam Maman Khadija. Ku cike takardar ku mayar kafin ranar. Sanarwa ce kawai cewa yarinya tana da niyya, ba ta wajabta mata ɗaukar komai ba, in ta fasa daga baya babu laifi. Amma in 1 ga Afrilu ta wuce ba ku mayar ba, sai kun nemi amincewar shugaban makaranta kafin ta shiga tun farkon shekarar karatu, kuma yana iya ƙi.

Bayan takardar niyya, sauran aikin da kwalejin za a yi shi. Khadija za ta cike takardar neman shiga a matsayin ɗalibar College Credit Plus, makarantarta ta aika musu da sakamakonta. A nan yankinku mafi yawa Columbus State suke zuwa. Ohio State ma tana ɗauka, sai dai sharuɗɗanta sun fi tsauri. A dokar jihar, GPA 3.0 wanda ba a yi wa ƙarin maki ba ya isa a ce yaro ya cancanci shiga shirin. Wanda bai kai ba yana iya shiga ta makin jarrabawar shiga kwaleji: a ACT, 18 a Turanci, 22 a karatu, 22 a lissafi, ko makamancin haka a SAT ko Accuplacer. Amma cancanta daban, a ba ka wani kwas daban. Kwalejin na iya cewa sai ta yi gwajin tantance mataki kafin a sa ta a ajin lissafi, ko da GPA ɗinta ya kai. Akwai kuma takardar da iyaye ke sa wa hannu cewa sun san za a iya karanta abubuwan manya a aji, domin ba za a sauya darasi ba don akwai 'yar shekara goma sha biyar a ciki. Ku karanta ta da kyau kafin ku sa hannu.

Maganar yawan kwas, akwai lissafinsa. Iyaka shi ne kiredit (ma'aunin nauyin kwas a kwaleji) 30 a shekara, 120 a duk tsawon shirin, kuma darussan da take ɗauka a sakandare suna ci daga cikin talatin ɗin nan. Kowane darasi na shekara guda a sakandare ana ninka shi sau uku a cire. In tana da darussa shida a makarantarta, shida sau uku 18, a cire daga 30, saura 12. Kwas na yau da kullum kiredit uku ne, ke nan kwas huɗu a shekara. Na kimiyya mai ɗakin gwaji da na kalkulas kan kai huɗu ko biyar, nan da nan sai kason ya ƙare. Zangon bazara, wato na lokacin dogon hutu, yana shiga lissafin shekarar da ke tafe, ba wadda ta wuce ba. Kwas ɗin da ya tsallake iyakar, ku za ku biya shi. Sannan kiredit 15 na farko ba kowane kwas ake barin yaro ya zaɓa ba, sai daga jerin kwasa-kwasan matakin farko.

Kyauta kam da gaske ne ga ɗalibin makarantar gwamnati da ya shiga kwalejin gwamnati: kuɗin karatu da na littattafai ba a kanku suke ba. Zirga-zirga ce a kanku, kuma ba ƙaramin abu ba ce in aji yana harabar kwaleji da ƙarfe goma na safe alhali yarinya ba ta kai tuƙi ba.

Inda kyautar ke iya komawa bashi: in ta faɗi kwas, ko ta janye bayan kwana 14 da farawa, hukumar makarantunku tana da ikon neman ku mayar da kuɗin da aka biya. Ba a neman wannan daga iyalan da aka tantance masu ƙaramin ƙarfi ne. Haka kuma in GPA ɗinta na kwaleji ya sauka ƙasa da 2.0, ko ta janye daga kwas biyu a zango ɗaya, za a sa ta a matakin gargaɗi, zango na gaba kwas ɗaya kacal za a bar ta ta ɗauka. In bai gyaru ba a cire ta daga shirin. Faɗawa ƙasa da 2.0 ba wuya. A maki huɗu ne, B uku, C biyu, D ɗaya, F sifili. Yaron da ya ɗauki kwas biyu masu kiredit uku-uku ya samu B a ɗaya, F a ɗaya, yana kan 1.5. C da D ma 1.5 ne. Wanda bai tara kwasa-kwasai da yawa ba, sakamako ɗaya mara kyau ya ishe shi.

Shawarata ta fara da kwas ɗaya a zangon farko na aji goma. In ta fito da A ba tare da darussan sakandarenta sun taɓu ba, a ƙara na biyu.

Yaya Bilkisu:

Malam Habu ya gama da tsarin shiga. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne kin ce likitanci, domin wannan ya sauya lissafin gaba ɗaya.

Sakamakon da za ta samu ba na sakandare kaɗai ba ne. Kwalejin za ta buɗe mata takardar sakamako ta kanta, kuma ba a goge ta. Ranar da za ta nemi makarantar likitanci, bayan shekara shida ko bakwai, tsarin AMCAS da ake nema ta cikinsa zai buƙaci takardar sakamako daga duk kwalejin da ta taɓa yin rajista, har da wadda ta shiga tana aji goma, ya zuba makin cikin GPA ɗinta. Yana kuma ware wani GPA na musamman na bayoloji, kemistiri, fizis da lissafi, wanda masu tantancewa ke zuba wa ido sosai. Ko ta sake kwas ɗin ta samu A, tsohon makin yana nan ana lissafa shi. C ɗin da yarinya ta samu a kemistiri tana shekara goma sha biyar zai bi ta har can. Masu neman makarantar lauya ma haka LSAC ke yi musu. Saboda haka kada ta fara da kemistiri ko bayoloji na kwaleji kafin ta yi na sakandare ta ƙware. Ta fara da rubutun Turanci na shekarar farko, ko ilimin halayyar ɗan Adam, ko tarihi, ko ƙididdiga in lissafinta na da ƙarfi. Kusan kowane digiri yana buƙatar irin waɗannan. Bugu da ƙari, akwai makarantun likitanci da suka fi son a yi kwasa-kwasan kimiyyar da suka shar'anta a jami'a mai shekara huɗu, ka ga gaggawar gama su da wuri ba lallai ta amfane ta ba.

In jinya ta koma, a kula da abu biyu. Shirye-shiryen jinya da yawa suna sa wa kwas ɗin sanin sassan jiki da aikinsu wa'adi, sau da yawa shekara biyar zuwa bakwai, in ya wuce sai a sake. Da yawa kuma suna ƙayyade sau nawa za a iya maimaita shi. Yin sa a aji goma sha biyu ya fi yin sa a aji goma.

Yanzu maganar ko jami'a za ta karɓa. A karɓi kiredit abu ɗaya ne, a sa shi cikin abin da digirin ke buƙata wani abu ne. Jami'a na iya rubuta cewa ta karɓi kiredit 60, amma 25 daga ciki su zauna a matsayin kwasa-kwasan zaɓi da ba su rage mata ko zango ɗaya ba, domin injiniya ko jinya ko share fagen likitanci suna da jerin kwasa-kwasai da dole a bi ɗaya bayan ɗaya. Ofishin binciken gwamnatin tarayya, GAO, ya fitar da rahoto a 2017 da ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya kwaleji sun rasa kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Ba a kan 'yan sakandare aka yi shi ba, amma dalilan asarar su ne dai waɗannan.

A cikin Ohio kuna da kariya. Kwasa-kwasan da ke ƙarƙashin Ohio Transfer 36 duk jami'o'in gwamnatin jihar suna karɓarsu a ɓangaren ilimin bai-ɗaya, waɗanda ke da alamar TAG kuma suna shiga cikin fannin da aka tsara su dominsa. Kafin ta yi rajistar kowane kwas, a duba ko yana ɗauke da ɗaya daga cikin alamun nan, a kuma sa lambarsa a shafin Transferology a ga abin da zai zama a jami'o'i biyu ko uku da take hari. Da zarar an fita jihar, ko an nufi jami'a mai zaman kanta, babu wannan tabbacin. Yawanci sai an samu C ko sama. Wasu ba sa karɓar kwas ɗin da aka riga aka lissafa shi cikin sharuɗɗan gama sakandare, wasu ba sa karɓar wanda aka koyar a cikin ginin sakandare. Harvard ba ta ba da kiredit a kan kwasa-kwasan kwalejin da aka yi kafin shigarta. Duk da haka masu ɗaukar ɗalibai suna ganin ƙoƙarin a takarda, kuma yana ƙara wa yaro daraja.

Ta riƙa ajiye manhajar kowane kwas da malami ya raba a makon farko, wadda ke ɗauke da sunan littafi da batutuwan mako-mako. In wata jami'a ta yi gardamar karɓa, ita za a nema.

Baban Usman:

Salam. Ina bibiyar maganar nan daga Kano. Shin wannan kamar IJMB ne a wajenmu? Kuma in mutum yana da ɗan'uwa a Amurka, zai iya tura yaro ya zauna wurinsa ya shiga irin wannan makarantar ya samu shekara biyu na jami'a kyauta?

Malam Habu:

Baban Usman, sun yi kama ta fuska ɗaya, wato rage shekarun digiri. IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, da JUPEB, ana yin su ne bayan an gama sakandare, a zana jarrabawar ƙarshe, a nemi shiga aji biyu kai tsaye. Wannan kuwa yaro yana cikin sakandare yake yi, kwas ɗaya yana cike masa gurbi biyu, na sakandare da na kwaleji, kuma babu wata babbar jarrabawa guda, makin kowane kwas ne ke taruwa.

Turo yaro kuma ba ya yiwuwa yadda kuke zato. Dokar Amurka ta ce mai bizar karatu ta F-1 ba zai wuce wata 12 a sakandaren gwamnati ba, kuma sai an biya cikakken kuɗin da ake kashewa a kan ɗalibi ɗaya kafin a ba shi bizar. Bizar ziyara ba a karatu da ita, yin hakan na iya jawo a soke ta, ya kuma ɓata wa yaro neman biza nan gaba. College Credit Plus kansa na mazauna Ohio ne. Shirye-shiryen nan an gina su ne don yaran da iyalansu ke zaune a jihar.

Malama Rabi:

Sannunku da ƙoƙari. Bari in ɗauki tambayar ƙarshe ta Maman Khadija, sannan in ƙara abin da ke kayar da yara masu ƙoƙari.

AP darasin sakandare ne, malamin sakandare ke koyarwa, sai a watan Mayu a zana jarrabawar College Board, maki 1 zuwa 5. Jami'o'in gwamnatin Ohio suna ba da kiredit daga 3, manyan jami'o'i masu zaman kansu kan nemi 4 ko 5. Kyawunsa ga mai son likitanci shi ne in jarrabawar ba ta yi kyau ba, babu abin da ya shiga takardar sakamakon kwaleji. Illarsa, aikin shekara guda yana rataye a kan jarrabawar yini ɗaya. Babu abin da ya hana a haɗa: kimiyya ta AP, rubutu da tarihi ta kwaleji. A dokar Ohio ma, in makaranta tana ƙara wa AP nauyin maki, dole ta ƙara wa kwas ɗin kwaleji na fanni ɗaya daidai da haka.

Makarantar early college kuwa makaranta ce sukutum da aka tsara tun daga aji tara don yaro ya kai ga kwasa-kwasan kwaleji, da masu ba da shawara da darussan tallafi a cikin jadawali. Tushenta ya koma ga Middle College High School da aka buɗe a kwalejin LaGuardia a New York a 1974, ta bazu bayan 2002 lokacin da gidauniyar Gates ta zuba kuɗi. Bard High School Early College, da ta fara a New York a 2001, ɗalibanta kan fita da ƙaramin digiri mai kiredit 60. P-TECH ta Brooklyn, 2011, shekara shida ce tare da IBM. A Columbus akwai Metro Early College, da aka kafa a 2006 tare da Ohio State da cibiyar bincike ta Battelle, ana shiga ta hanyar ƙuri'a. Cibiyar bincike ta AIR ta bi yaran da suka ci irin wannan ƙuri'a da waɗanda ba su ci ba, ta samu cewa shekara shida bayan sakandare kimanin kashi 45 na waɗanda suka ci sun samu shaidar kammala kwaleji, a ɗaya ɓangaren kimanin kashi 34. Wannan sakamako na makarantun da ke riƙe da hannun yaro ne. Wanda ke ɗaukar kwas shi kaɗai daga sakandarensa ba shi da wannan tallafin, iyaye ne za su cike gurbin. Mafi yawan irin makarantun a aji tara suke ɗauka, don haka ku tambaya ko akwai gurbin aji goma kafin ku sa rai.

Abin da ke kayar da yara shi ne sauri. Abin da sakandare ke koyarwa a shekara, kwaleji na gama shi a mako 15 ko 16. Kwas mai kiredit uku awa uku ne a aji kowane mako, ana kuma sa ran awa shida na karatu a gida. Kwas biyu ke nan awa 18 a kan aikin sakandare da islamiyya da aikin gida. Makin kwas gaba ɗaya na iya fitowa daga jarrabawa uku da rubutu biyu, aikin da aka makara da shi sau da yawa sifili ne, babu mai bin yaro yana tuna masa. Zangon bazara ya fi tsanani domin ana matse kwas a makonni kaɗan. Nan zan ɗan ƙara a kan maganar Malam Habu: ba yawan kwas kaɗai ba, inda ake yin sa ma abin dubawa ne. Na intanet ya fi sauƙin shiga jadawali, shi ya sa ake rububinsa, amma shi ya fi sauƙin mantawa, yaro sai ya yi mako biyu bai buɗe ba. In makarantarta tana da kwas ɗin kwaleji da ake koyarwa a cikin gininta, da shi za ta fara.

Kalandar ma ba ɗaya ba ce. Hutun tsakiyar zango na kwaleji da na sakandare sau da yawa ba sa haɗuwa, ranar da aka rufe sakandare saboda dusar ƙanƙara kwaleji na iya buɗewa. A duba ranakun jarrabawa tun makon farko, in ɗaya ta faɗo ranar Sallah, ita Khadija da kanta za ta rubuta wa malamin tun da wuri ta nemi a sauya mata.

Na ce da kanta domin dokar FERPA, mai kare sirrin bayanan ɗalibai. Da zarar yaro ya yi rajista a kwaleji, ko shekarunsa nawa, bayanan karatunsa na can a hannunsa suke. Malamin kwaleji ba zai tattauna makinta da ke ba, Hajiya, sai ta cike takardar izini a ofishin rajista. Ku cike ta tun farko, kuma ku sa rana ɗaya a mako ku buɗe shafin kwas ɗin tare. Imel ɗin kwaleji ta sa shi a wayarta, duk sanarwa ta nan take zuwa. Yaron da ke da IEP, wato tsarin tallafi na masu buƙata ta musamman, a sakandare, tsarin ba ya bin sa kwaleji, sai an je ofishin masu buƙata ta musamman an nemi sauƙin daban.

Maman Khadija:

Allah ya saka muku da alheri, na fahimta sosai. Saura abu ɗaya. In ta tara kiredit da yawa, ba za ta rasa tallafin karatu na sababbin ɗalibai ba? Wata ta ce mini za a ɗauke ta a matsayin mai sauya makaranta.

Yaya Bilkisu:

Amin Hajiya. Kiredit ɗin da aka samu kafin a gama sakandare, ko da sun kai 60, a mafi yawan jami'o'i ba sa hana a nemi shiga a matsayin sabon ɗalibi, da duk tallafin da ke tare da hakan. Abin da ke sauya matsayin shi ne yin rajista a kwaleji bayan an karɓi shaidar gama sakandare. Jami'o'i da yawa suna yafe bazarar da ta biyo baya nan take, amma zangon kaka na iya mayar da ita mai sauya makaranta. In saura kwas biyu ta kammala ƙaramin digiri, kada ta ce bari ta tsaya ta ƙarasa sai ta tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da take so, a rubuce.

Tallafin Pell, wato kuɗin karatu da gwamnatin tarayya ke ba masu ƙaramin ƙarfi, ba ya raguwa, domin ba a ba ɗan sakandare shi, zangonta 12 suna nan cif. Inda matsala ke fitowa shi ne sharaɗin ci gaba da samun tallafin tarayya: GPA 2.0, da kammala kimanin kashi 67 na kiredit ɗin da aka yi rajista, da gama digiri kafin a wuce kashi 150 na adadin da ake buƙata, wato 180 a digiri mai 120. Janyewa mai alamar W ba ta taɓa GPA, amma ana ƙirga ta cikin abin da aka ɗauka ba a gama ba. Wadda ta yi rajistar 12 ta gama 6 tana kan kashi 50, in ta ci gaba a wannan kwalejin bayan sakandare, da gargaɗi za ta fara. Don haka ranaku biyu za ku rubuta ku manna a kowane zango: ranar ƙarshe ta ajiye kwas ba tare da ya bar alama ko bashi ba, da ranar ƙarshe ta janyewa da W. In makin jarrabawar farko ya zo ƙasa da C, a wannan makon za ta je wurin malamin a lokacin ganawarsa da ɗalibai, ta je cibiyar ƙarin darasi ta kwalejin wadda kyauta ce, ku kuma ku ga mai ba ɗalibai shawara a makarantarta kafin rana ta biyun ta zo.